Deke Slayton: Ɗan sama jannatin da ya buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar sararin samaniya

A ranar 9 ga watan Satumban shekara ta 1982 wata roka mai suna Conestoga 1 ta tashi daga wani makiyayin shanu da ke tsibirin Matagorda, a gaɓar tekun jihar Texas ta Amurka. Ta yi nisan sama da kilomita 300 a sama, kana ta faɗo cikin teku bayan mintoci goma da 'yan kai. Wannan dai shi ne karo na farko da wata roka da 'yan kasuwa suka zuba kuɗinsu a kanta ta isa sararin samaniya. Mutumin da ya jagoranci aikin shi ne Donald Kent Slayton, wanda aka fi sani da Deke Slayton, tsohon ɗan sama jannati da sai da ya yi shekaru 16 yana dakon tafiyarsa ta farko, wadda kuma ita ce ta ƙarshe.

A yau da kamfanoni irin su SpaceX da Blue Origin ke jigilar mutane da kaya zuwa sararin samaniya, tarihin wannan mutum na taimakawa wajen fahimtar yadda harkar ta faro, da kuma tambayar da har yanzu ke tattare da ita: wane ne ke da ikon zaɓar wanda zai je?

Daga gona zuwa jirgin yaƙi

An haifi Slayton ne a ranar 1 ga watan Maris na shekara ta 1924 a wata gona da ke kusa da garin Sparta a jihar Wisconsin. Gidansu ba shi da wutar lantarki ko ruwan famfo, kuma tun yana ƙarami ya saba da kiwon shanu da tumaki. Yana da shekaru biyar injin yankan ciyawa da dawakai ke ja ya datse masa yatsan zobe na hannun hagu.

Ya kammala makarantar sakandare a shekara ta 1942, lokacin da Amurka ta riga ta tsunduma cikin yaƙin duniya na biyu, ya kuma shiga rundunar mayaƙan sama. Rashin yatsan ya so ya kawo masa cikas, amma da likitocin soja suka duba ƙa'idojinsu sai suka tarar rashin wannan yatsa ba ya hana tuƙin jirgi. Ya kai farmaki sau 56 da jirgin yaƙi samfurin B-25 a fagen daga na Turai, sannan sau bakwai a kan Japan gab da ƙarshen yaƙin.

Bayan yaƙi ya shiga jami'ar Minnesota, inda ya sami digiri a fannin injiniyan jiragen sama a shekara ta 1949, ya kuma yi aiki na ɗan lokaci da kamfanin Boeing. A shekara ta 1951 aka sake kiransa aikin soja. Ya zauna a Jamus ta Yamma, daga bisani ya zama matuƙin gwajin sabbin jiragen yaƙi a sansanin Edwards da ke California. A can ne ya sami laƙabin Deke, daga haruffan farko na sunansa, domin a bambanta shi da wani matuƙi mai suna irin nasa.

Mutum bakwai na farko

Tarayyar Soviet ta harba tauraron ɗan Adam na farko, Sputnik, a ranar 4 ga watan Oktoban 1957, lamarin da ya girgiza Amurka ya kuma kai ga kafa hukumar binciken sararin samaniya ta NASA a shekarar da ta biyo baya. Hukumar ta tace matuƙa 110, kuma a watan Afrilun 1959 ta gabatar wa duniya mutum bakwai da za su shiga kumbunan shirin Mercury. Slayton na cikinsu, tare da Alan Shepard da John Glenn da Gus Grissom da Scott Carpenter da Wally Schirra da kuma Gordon Cooper.

A wancan zamani babu taurarin sadarwa da za su haɗa kumbo da cibiyarsa, saboda haka tilas NASA ta kakkafa tashoshi a sassan duniya domin sauraron ɗan sama jannati a duk inda ya gitta. Biyu daga cikinsu suna ɓangaren Afirka: ɗaya a Zanzibar, ɗaya a Kano. A ranar 20 ga watan Fabrairun 1962, lokacin da John Glenn ya zama Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya, ya yi magana da tashar Kano, ya kuma shaida wa ma'aikatanta cewa yana hango ƙura ta turnuƙe a ƙasa. Lokacin hunturu ne, kuma irin wannan hazo ba baƙo ba ne ga manoman Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa, waɗanda a lokacin duk suna cikin lardin Kano. An ci gaba da amfani da tashar har zuwa shirin Gemini da ya biyo bayan na Mercury.

Slayton ne aka tsara zai bi bayan Glenn, har ma ya raɗa wa kumbonsa suna Delta 7. Da abin ya yiwu, da muryarsa ce ta biyu da tashar Kano za ta ji daga sama.

Hukuncin likitoci

Tun a shekara ta 1959, yayin atisaye a cikin wata na'ura mai jujjuya mutum da ƙarfi, likitoci suka lura cewa bugun zuciyarsa kan rikice lokaci-lokaci. Da farko ba a ɗauki abin da muhimmanci ba, kasancewar bai taɓa hana shi aiki ba. To amma da tafiyar ta gabato, shugaban NASA James Webb ya nemi a sake duba batun. Ƙwararrun likitocin zuciya da aka tuntuɓa suka ba da shawarar cewa muddin akwai wasu 'yan sama jannati da ba su da wannan larura, gara a tura ɗaya daga cikinsu.

A tsakiyar watan Maris na 1962 aka sanar da cire shi, aka maye gurbinsa da Scott Carpenter. Ranar da Carpenter ya tashi, wato 24 ga watan Mayu, Slayton yana tashar Muchea a ƙasar Ostireliya yana magana da shi ta rediyo. Yana da shekaru 38 a duniya, kuma shi kaɗai ne cikin mutum bakwan da bai shiga kumbon Mercury ba.

Mutane da dama a irin wannan hali da sun yi fushi sun kama gabansu. Shi kuwa sai ya zauna. Abokan aikinsa suka goyi bayan a naɗa shi shugabansu, kuma a shekara ta 1963 ya ajiye kakin soja ya koma cikakken ma'aikacin NASA. Daga nan ne ya zama darektan sashen da ke kula da 'yan sama jannati baki ɗaya.

Mai zaɓen masu zuwa wata

Tsawon kusan shekaru goma babu wani Ba'amurke da ya shiga kumbo ba tare da sunansa ya bi ta hannun Slayton ba. Ya shimfiɗa wani tsari na karɓa-karɓa, inda ayarin da ya zauna a matsayin na ko-ta-kwana a wata tafiya kan sami tasa tafiyar bayan an tsallake biyu. Ta wannan hanya ce Neil Armstrong, wanda ya jagoranci ayarin ko-ta-kwana na Apollo 8, ya sami jagorancin Apollo 11, ya kuma zama mutum na farko da ya taka duniyar wata a watan Yulin 1969. Tsarin ya rage tsegumi da kamun ƙafa a tsakanin mutanen da kowannensu ke ganin shi ya fi cancanta, ko da yake akwai waɗanda suka zarge shi da fifita matuƙan soja a kan masana kimiyya.

Muƙamin ya zo da nasa ɗacin. A ranar 27 ga watan Janairun 1967 gobara ta tashi a cikin kumbon Apollo 1 yayin wani gwaji a ƙasa, ta hallaka Gus Grissom da Ed White da Roger Chaffee. Slayton yana ɗakin sa ido da ke kusa da dandalin harbawa lokacin da abin ya auku. Shi ya zaɓe su, kuma Grissom amininsa ne. Daga baya matan mamatan suka miƙa masa wata 'yar alama ta zinariya da mazajen nasu suka yi niyyar ba shi, wadda Armstrong ya tafi da ita duniyar wata ya dawo masa da ita.

Duk tsawon wannan lokaci bai fid da rai ba. Ya daina shan taba da kofi, ya dage da motsa jiki. A farkon shekarun 1970 rikicewar bugun zuciyar ta lafa, kuma bayan gwaje-gwaje a asibitin Mayo, aka maido masa da izinin tashi a watan Maris na 1972. Sai dai a lokacin an riga an raba kujerun zuwa wata, kuma shi da kansa ya raba su.

Musabaha a sararin samaniya

Hausawa kan ce mahaƙurci mawadaci. Tafiyar da ta rage ita ce ta haɗin gwiwa da Tarayyar Soviet, wadda shugabannin ƙasashen biyu suka amince da ita a shekara ta 1972 a wani mataki na sassauta yaƙin cacar baka. Slayton ya koyi harshen Rashanci, ya yi atisaye a cibiyar horar da 'yan sama jannati da ke kusa da birnin Mosko.

A ranar 15 ga watan Yulin 1975 ya tashi tare da Thomas Stafford da Vance Brand, kuma bayan kwana biyu kumbonsu na Apollo ya haɗe da kumbon Soyuz mai ɗauke da Alexei Leonov da Valeri Kubasov. Suka yi musabaha, suka ci abinci tare, suka gudanar da gwaje-gwajen kimiyya. Slayton na da shekaru 51, wanda ya sa ya zama mutum mafi yawan shekaru da ya je sararin samaniya ya zuwa wannan lokaci.

Saura ƙiris tafiyar ta ƙare da makoki. Yayin saukowa a ranar 24 ga wata, hayaƙin wani sinadari mai guba ya kutsa cikin kumbon, har Brand ya suma na ɗan lokaci. An kwantar da su ukun a asibiti a Hawaii na kimanin makonni biyu. A wajen binciken ne likitoci suka gano wani ƙari a huhun Slayton, aka yi masa tiyata, aka kuma tabbatar ba na daji ba ne.

Bayan ya murmure ya jagoranci gwajin saukar kumbon Enterprise a shekara ta 1977, da shirye-shiryen tashin farko na kumbon jigila mai zuwa ya dawo, wato Columbia, a 1981. A watan Fabrairun 1982 ya yi ritaya daga NASA.

Rokar 'yan kasuwa

Tunanin harba roka ba da kuɗin gwamnati ba ya girmi wannan lokaci. A ƙarshen shekarun 1970 wani kamfanin Jamus ta Yamma mai suna OTRAG ya yi hayar makeken fili a lardin Shaba na ƙasar Zayar, wato Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta yanzu, ya yi gwajin ƙananan rokoki. Matsin lambar manyan ƙasashe ya sa shugaba Mobutu ya rufe wurin a 1979, kamfanin ya koma Libiya, daga bisani ya durƙushe.

A birnin Houston kuwa wani ɗan kasuwar filaye da gidaje mai suna David Hannah ya kafa kamfanin Space Services, da burin harba ƙananan taurarin ɗan Adam a farashi mai rahusa. Rokarsu ta farko, Percheron, ta tarwatse a wajen gwaji a watan Agustan 1981. Bayan wannan asara ce kamfanin ya nemi Slayton, wanda ya zama shugabansa.

Dabarar da aka bi a wannan karo mai sauƙi ce. Maimakon ƙera sabon inji, sai aka yi amfani da wani sashe na makami mai linzami samfurin Minuteman, wanda an daɗe da sanin ingancinsa. Aka raɗa wa rokar suna Conestoga, sunan amalanken dawakai da Amurkawan farko suka yi jigilar kaya da su. Daga cikin kayan da ta ɗauka har da ruwa kimanin lita 150, wanda aka watsar a ƙololuwar tafiyar domin masu kallo daga ƙasa su shaida.

Ƙera rokar bai kai neman izinin harba ta wahala ba. Babu wata doka da ta tanadi irin wannan aiki, don haka kamfanin ya yi ta zarya tsakanin ma'aikatu da hukumomi. Hatta ma'aikatar harkokin waje sai da ta buƙaci a karɓi lasisin fitar da kaya, tunda rokar za ta bar iyakar ƙasar. Wannan wahala na cikin dalilan da suka sa majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar harba rokokin kasuwanci, wadda shugaba Ronald Reagan ya sanya wa hannu a watan Oktoban 1984, ta kuma ɗora alhakin ba da lasisi a kan ma'aikatar sufuri. A ƙarƙashin dokar, kamfanin Slayton ne ya yi harbi na farko mai lasisi, a watan Maris na 1989, da roka mai suna Starfire daga White Sands a jihar New Mexico.

Sai dai nasarar ba ta kawo riba ba. Kumbon jigila na NASA yana ɗaukar taurarin 'yan kasuwa a farashin da gwamnati ta tallafa, ga kuma rokar Ariane ta Turai. Bayan hatsarin kumbon Challenger a watan Janairun 1986 gwamnatin Amurka ta janye kumbunanta daga yawancin wannan ciniki, amma manyan kamfanonin da suka saba da kwangilar soja ne suka kwashe kasuwar. A shekara ta 1990 wani kamfani mai suna EER Systems ya sayi Space Services.

Slayton ya rasu a ranar 13 ga watan Yunin 1993 a League City da ke Texas, sakamakon ciwon dajin ƙwaƙwalwa, yana da shekaru 69. Bai ga babbar rokar Conestoga da aka tsara don kewaya duniya ba. An harba ta sau ɗaya tak, a watan Oktoban 1995, ta kuma wargaje kafin cikar minti guda da tashinta.

Abin da ya biyo baya

Hanyar da ya share ba ta toshe ba. A watan Afrilun 2001 attajirin Amurka Dennis Tito ya biya kuɗin da aka ƙiyasta sun kai dala miliyan 20 ya bi kumbon Rasha zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, shekara guda bayan haka Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya bi sahu. A 2004 jirgin SpaceShipOne ya zama na farko mallakar 'yan kasuwa da ya kai mutum sararin samaniya. Kamfanin SpaceX da Elon Musk ya kafa a 2002 ya yi asarar rokoki uku a jere kafin ta huɗu ta kewaya duniya a watan Satumban 2008. A watan Disamban 2015 ya sauko da sashen farko na rokar Falcon 9 a tsaye, abin da ya ba da damar sake amfani da shi da kuma rage tsadar harbi, kana a watan Mayun 2020 ya kai 'yan sama jannatin NASA biyu zuwa tashar.

Abin lura shi ne waɗannan kamfanoni sun sami abin da Slayton ya rasa, wato gwamnati a matsayin babbar mai saye. Kwangilolin NASA na jigilar kaya da mutane su ne suka tsayar da su da ƙafafunsu. Ɗaya daga cikinsu, Orbital Sciences, ya raɗa wa kumbon kayansa sunan Deke Slayton domin karramawa, amma rokar da ke ɗauke da shi ta tarwatse jim kaɗan da tashi a ranar 28 ga watan Oktoban 2014. Kwana uku bayan haka jirgin gwaji na Virgin Galactic ya faɗi a California, mataimakin matuƙinsa ya mutu. Kumbo na biyu mai sunan Slayton ya isa tashar lafiya a watan Disamban 2015.

Tasirin wannan sauyi ya iso har Najeriya. Tauraron ƙasar na farko, NigeriaSat-1, rokar Rasha ce ta harba shi a 2003, na sadarwa kuma, NigComSat-1, ta China a 2007. Amma a watan Yunin 2017 ɗan ƙaramin tauraron NigeriaEduSat-1, wanda jami'ar fasaha ta tarayya da ke Akure ta yi aikinsa tare da wata cibiyar Japan, rokar SpaceX ce ta ɗauke shi. A farkon 2023 Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da intanet ɗin Starlink ya fara aiki a cikinta, wanda ke nufin makaranta ko asibiti a ƙauyen Roni ko Gwiwa na iya samun sadarwa kai tsaye daga sama, in har da kuɗin sayen na'urar da biyan kuɗin wata. A watan Mayun 2023 kuma 'yan Saudiyya biyu, Rayyanah Barnawi da Ali al-Qarni, sun je tashar sararin samaniya a tafiyar da kamfanin Axiom Space ya shirya.

Ga makomar harkar, ana shirin kawo ƙarshen aikin tashar ƙasa da ƙasa a wajajen shekara ta 2030, kuma NASA na tallafa wa kamfanoni su gina tashoshin da za ta riƙa haya a cikinsu. Kazalika ta ba SpaceX a 2021, da Blue Origin a 2023, kwangilar ƙera kumbunan da za su sauke mutane a duniyar wata. Matsalolin da ke gaba su ma ba ɓoyayyu ba ne. Tarkace da cunkoson taurari na ƙaruwa a kewayen duniya, kuma a shekara ta 2024 fiye da rabin taurarin da ke aiki na kamfani ɗaya ne. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta ɗora wa kowace ƙasa alhakin abin da kamfanoninta suka aikata a can, amma an rubuta ta ne a zamanin da ƙasashe biyu kawai ke iya tura mutum.

A zamanin Slayton, likita da darekta ne ke yanke hukuncin wanda zai tashi, kuma ya ɗanɗani wannan hukunci ta ɓangarorin biyu. A tafiyar Axiom ta farko a 2022 rahotanni sun ce kowace kujera ta kai kimanin dala miliyan 55. Ƙofar da ya taimaka aka buɗe ta shigar da mutanen da tsarin dā ba zai taɓa zaɓa ba, ciki har da Wally Funk, matuƙiyar jirgi da ta ci gwajin lafiyar 'yan sama jannati a farkon shekarun 1960 amma ba a tura ta ba, sai a 2021 tana da shekaru 82. Ko farashin zai sauko har ya isa ga ɗaliban kimiyya na ƙasashe irin su Najeriya da Nijar, wannan ya danganta ga gasa tsakanin kamfanonin da kuma dokokin da gwamnatoci za su shimfiɗa musu.

A garin Sparta, inda ya yi makaranta, akwai gidan tarihi da ke ɗauke da sunansa.